Keziah da Mai Shuɗiyar Safa

Keziah Ludlam ta yi shekara talatin da ɗaya tana shafa wa zanen tsuntsaye launi a wata maɗaba'a a birnin Filadelfiya, kuma duk wanda ya yi aiki da ita zai rantse maka ba a taɓa dawo mata da takarda ko ɗaya don gyara ba. Gaskiya ne, ba a taɓa ba. Ita kuwa in aka faɗi haka a gabanta sai ta sunkuyar da kai ta shiga wanke burushi, mutane su ce kawaici ne. Ba kawaici ba ne, kunya ce, kuma tana da dalilinta.

An haife ta a wani ƙauyen bakin teku a kudancin New Jersey, inda fadamar ruwan gishiri ta shimfiɗe iya ganin ido, sauro kuwa ba a magana. Mahaifinta Ezra maharbin tsuntsaye ne. Da sassafe zai tura kwalekwalensa cikin ciyawa, da hantsi ya dawo da abin da ya samu a ɗaure, Keziah ta zauna bakin ƙofa tana figewa, a jera a ganga a aika kasuwar birni. Tun tana shekara shida take wannan aiki, har yatsunta suka san kowane tsuntsu na fadamar kafin ta san baƙi ko ɗaya na karatu.

A cikinsu akwai wani dogo mai fari da baƙin fiffike, kansa da wuyansa launin tsatsa, bakinsa siriri ya lanƙwashe sama kamar basillar baduku. Mutanen ƙauyen suna ce masa Mai Shuɗiyar Safa, don ƙafafunsa shuɗɗa ne tun daga cinya har yatsu, shuɗi mai haske irin na rigar aiki da ta sha wanki. In ka kusanci sheƙarsa zai taso maka da ihu har sai ka rasa inda za ka sa kanka. Keziah ta riƙe waɗannan ƙafafu a hannunta ya fi a ƙirga, ta kuma san cewa kwana biyu bayan mutuwa shuɗin yakan gudu, ya bar ƙafar ta bushe ta koma kamar busasshiyar ciyawa.

Tana shekara goma sha huɗu uwarta ta rasu, wata gwaggonta ta ɗauke ta zuwa birni ta sama mata wuri a maɗaba'a. Ranar farko, ko zama ba ta yi ba, wata mai suna Nora Tierney, wadda bakinta ya fi burushinta kaifi, ta ɗaga hanci ta ce, “Kai, jama'a, wa ya shigo mana da warin taɓo?” Takalmin Keziah ne, kowa ya gani. Da lokacin abincin rana ya yi aka tambaye ta ko ita 'yar ina ce, sai ta ce mahaifinta malamin makaranta ne a wani gari can cikin ƙasa, takalmin kuwa a bakin tashar jirgin ruwa ya ɓaci. Ƙarya ce ƙarama, irin wadda yarinya kan yi don a bar ta ta ci burodinta lafiya. Matsalar ita ce an yarda da ita, sai ya zama dole ta riƙe ta.

Ga yadda aikin yake. Maza a ƙasa suna buga zanen tsuntsu da baƙin tawada daga kan dutse, a hauro da takardun sama inda mata goma sha biyu ke zaune a dogon teburi jikin tagogi. A gabansu ana rataye takarda ɗaya da aka riga aka gama, ita ce samfur, kowace mace ta bi ta sau da ƙafa. Ba a ƙari, ba a ragi. Rana na yin sanyi a tashi, don hasken fitila yana yi wa ido ƙarya game da launi. Mai haɗa samfur ita ce babba a teburin, ita ke zama da mai littafin ya nuna mata abin da yake so. Cikin shekara tara Keziah ta kai wannan kujera. Hannunta ba ya rawa, kuma tana iya kallon gashin tsuntsu sau ɗaya ta haɗa launinsa a kasko ba tare da gwaji ba. In an tambaye ta ina ta samo wannan ido, takan ce baiwa ce. Harshenta ma ta goge shi tas, ba ka jin ƙauye a maganarta. Ranar Laraba da Asabar kuwa, da mutanen fadama ke kawo kaya kasuwa, takan bi wata hanyar zuwa gida.

A shekarar 1849 wani masani, Dakta Fenwick, yana fitar da babban littafi na tsuntsayen ruwa, kashi-kashi, ga masu kuɗin da suka sa suna cewa za su saya. Mutum ne mai tsantseni har ya kai ga gundura. Yakan ƙirga gashin fiffike ɗaya-ɗaya, ya auna baki da zare, ya taɓa sa an sake takarda sittin saboda ɗigon fari ɗaya a ƙarƙashin ido. Wata safiya ya hauro da fatar tsuntsu cushe da auduga, naɗe a ƙyalle, tana warin magani, ya shimfiɗe ta gaban Keziah. Tun kafin ya gama buɗe ƙyallen ta ga bakin nan mai lanƙwasa, ta gane shi.

“Wannan ya ba ni wahala, Mis Ludlam,” in ji shi. “Wanda ya aiko mini shi ya rubuta wuri da rana, bai rubuta launin ƙafa ba. Sakarci ke nan. Ga su nan sun bushe.” Ya ɗaga ƙafa ɗaya zuwa taga, ya jujjuya ta. “Ni dai a ganina rawaya ce da ta dushe. Akwai masu cewa wani abu dabam, amma ban yarda da abin da ban gani ba.” Sai ya juya ga teburin, rabi wasa rabi gaske. “Ko a cikinku akwai wadda ta taɓa ganinsa da rai?”

Nora ta cafe. “Mu kuma, Dakta? Sai dai ka gangara kasuwa ka tambayi mutanen taɓo, in hancinka zai jure. Su ne ke kwana da su a ɗaki.”

Teburin ya kwashe da dariya, har da Dakta. Keziah ma ta yi, kuma wannan dariyar ce ta fi komai ci mata rai daga baya. Kalma ɗaya ce a bakinta, shuɗi. Da ta faɗa, mutumin nan zai cire hularsa ya yi mata godiya, don ba mai girman kai ba ne a kan gaskiyar tsuntsu. Amma zai tambaya yaya aka yi ta sani, kuma zai bi diddigi yadda ya saba, ga Nora a gefe ta baza kunne. Sai ta ja kaskon rawaya kusa, ta tsoma burushi.

Abin haushin shi ne ya yi kyau. Rawayar ta zauna a kan tokar ruwan da ke bayan tsuntsun, ta ɗauko tsatsar wuyansa, takardar ta haska. Dakta Fenwick ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wannan ce mafi kyau a littafin gaba ɗaya, kuma a nan ne ilimi da kyau suka haɗu ba wanda ya danne wani. Takarda ɗari huɗu aka buga. Da yake ƙafafun sirara ne, suna son hannu mai natsuwa, sai aka ce Keziah ta yi su duka da kanta. Kwana tara ta yi tana zana rawaya a kan abin da ta san shuɗi ne, tana lashe bakin burushi don ya yi tsini, ɗacin fentin yana bin maƙogwaronta.

Ta gaya wa kanta abin da kowa ke gaya wa kansa. Ƙafar tsuntsu ce kawai. Wani zai gani ya gyara. Masu sayen littafin ma ajiye shi za su yi a kabad. Shekaru suka tafi, Dakta Fenwick ya rasu, aka goge duwatsun aka buga wasu abubuwa a kansu, Nora ta yi aure ta bar aiki. Keziah ba ta yi aure ba. Gida kuwa takan je sau ɗaya a shekara biyu ko uku, ta kai wa tsohon taba da safar ulu, ta kwana biyu ta juyo, kuma ba ta taɓa gayyatarsa birni ba. A fadamar, Mai Shuɗiyar Safa ya yi ta raguwa, don bindigogi sun yi masa yawa, har da ta Ezra. Wata bazara aka ga guda shida, wata aka ga biyu, daga nan ba a sake gani ba.

A kakar 1868 wasiƙa ta zo mata da rubutun da ba ta sani ba. Faston ƙauyen ne, wani sabon zuwa mai suna Swain, ya rubuta a madadin mahaifinta. Ya ce tsohon idonsa ya kusa tafiya, amma lafiyarsa ƙalau, yana dai roƙon ta zo ta raba wata gardama. Faston ya gaji littafin Dakta Fenwick daga surukinsa, ya kai shi kantin Townsend don mutane su ga tsuntsayen garinsu, sai rigima ta tashi a kan shafi ɗaya. Bai faɗi wane shafi ba, ita ma ba ta buƙaci ya faɗa.

Ta hau jirgin ruwa, ta ƙarasa da keken doki. Ta sami Ezra a bakin ƙofa, ya rame, idanunsa sun yi fari-fari, amma muryar tana nan.

“Kizzy! Yauwa. Yanzu za su san da wa suke yi.” Ya lalubo hannunta ya riƙe. “Kin san abin da suka sa a littafin nan? Rawaya! Mai Shuɗiyar Safa da ƙafa rawaya, kamar kazar gidan Townsend. Wata uku ke nan suna mini dariya. In na shiga kanti sai su ce, Ezra, yau ƙafar wace kala ce? Na ce musu 'yata a wurin take aiki, da takardar nan ta bi ta gabanta da ba ta fita ba. Wani jaki ne ya yi shi ranar da ba kya nan.”

Ta ce, “Baba, bari in huta tukuna.”

“Kya huta bayan kin kunyata su. Ɗauko mini sandata.”

A kantin, maza bakwai ko takwas suna zaune kan ganguna kewaye da murhu, mafi yawansu ba su kai talatin ba. Littafin yana buɗe a kan teburin kantin, an shimfiɗa masa ƙyalle don kada ya taɓa gishiri. Tun daga ƙofa ta hango rawayar, ko dushewa ba ta yi ba.

“Ga shaida ta iso,” in ji Townsend mai kanti. “Tsoho, ka tabbata ba safar matarka ka tuna ba?”

“Rufe mini baki, ɗan nema. Ina harbin tsuntsun nan ubanka yana rarrafe.”

“Shi ya sa babu ko ɗaya da za mu duba,” wani ya ce daga baya, aka yi dariya.

Fasto Swain ya ɗaga hannu. Mutum ne mai ladabi, ba ya cikin masu tsokana, sai dai ya yarda da abin da aka buga fiye da abin da aka faɗa. “Mis Ludlam, ba raini muke wa mahaifinki ba. Amma wanda ya yi littafin nan masani ne, ya auna komai. Shekaru kuma sukan sauya wa mutum abin da ya gani. Ke da kika san aikin, me za ki ce?”

“Shuɗɗa ne,” ta ce. “Baba ya yi gaskiya.”

Ezra ya buga sandarsa a ƙasa. “Kun ji ko? Kun ji?”

“To,” in ji Townsend yana murmushi, “'ya ai ba za ta ƙaryata ubanta a gaban mutane ba.”

A nan ta ga cewa shaidarta ba ta da nauyi ko na gashi, muddin littafin yana nan da sunan Dakta a bayansa. Za ta koma birni, su ci gaba da tambayar tsohon wace kala ce yau, har ranar da za su ɗauki akwatinsa. Faston ya ce a hankali, “In haka ne, yaya kuskure irin wannan ya wuce idon masani?”

“Bai taɓa ganin tsuntsun da rai ba, Fasto. Busasshiyar fata aka aiko masa, ƙafar kuwa in ta bushe shuɗin yakan tafi. Duk wanda ya taɓa fige shi ya sani.” Ta ɗora yatsa a kan shafin. “Ya tambaya ko akwai wadda ta san shi. Ina zaune a gabansa, ban ce komai ba. Ni na haɗa rawayar. Wannan ƙafar da kuke gani, hannuna ne ya zana ta, da duk sauran.”

Ba wanda ya kalli Ezra, kowa ya sami abin dubawa a takalminsa. Tsohon ya juyo da fuskarsa inda muryarta take.

“Ba ki gane shi ba ne, Kizzy?”

“Na gane shi, Baba.”

“To me ya hana ki?”

Ta so ta ce a bari sai sun je gida, amma a gaban mutanen nan aka yi masa dariya. “Da na faɗa, da sun san 'yar wa ce ni.”

Can ya ce, “Wa kika ce musu ni ne?”

“Malamin makaranta.”

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. “Ni da ko sunana sai dai in dangwala.” Ya lalubo sandarsa ya miƙe, ya ce wa Townsend ya auna masa taba, kamar abin da ya kawo shi ke nan. Townsend ya auna, ya ce, “Ka yi haƙuri, Kawu Ezra.” Tsohon ya karɓi tabarsa ya fita.

Washegari da hantsi Faston da kansa ya kawo littafin gidan, ya ce in za ta iya gyarawa ta gyara. Ta zo da akwatin fentinta, don ba ta tafiya ba shi. Ta fito da teburi waje inda haske yake, Ezra yana zaune a gefe yana shan tabarsa, bai ce mata uffan ba tun jiya ban da ta miƙo gishiri. Ta san abin da kowace sabuwar yarinya a teburi ta sani, cewa shuɗi a kan rawaya kore yake bayarwa. Don haka ta fara wanke rawayar da jiƙaƙƙen burushi, a hankali, tana tsanewa da ƙyalle. Amma shekara goma sha tara fentin ya yi yana shiga takarda, ya kama ta har ciki, in ta ƙara gogawa takardar za ta huje. Ta haɗa shuɗin, ta ja shi daga cinya zuwa yatsu, ta jira ya bushe.

“Ya fito?” in ji Ezra.

Ba ya gani. Faston ya koma gida. Da ta ce e, da maganar ta ƙare a nan.

“Kore ya fito, Baba.”

Ya gyaɗa kai. “Guda nawa kuka yi?”

“Ɗari huɗu.”

“Ɗari huɗu.” Ya cire lofen daga bakinsa ya fara lanƙwasa yatsu. “Waɗanda suka gan shi da rai a garin nan, akwai ni. Akwai tsohuwa Hannah Corson, in hankalinta na nan ranar. Akwai ke.” Ya tsaya da yatsu uku a lanƙwashe, ya jira ko wani zai faɗo masa, bai faɗo ba. “To. Mu muka harbe shi, ban ce ba mu da laifi ba. Amma na ɗauka ko ba komai an ajiye shi a takarda yadda yake. In mu ukun nan muka tafi, a garin nan rawaya ce ke nan.”

Ta ce za ta zana masa sabo a farar takarda, daidai yadda yake. Ya ce ta zana. Ta zauna ta haɗa shuɗi, ta ga ya yi duhu. Ta ƙara ruwa, ya yi fari. Ta sa ɗan toka, ta cire. Matar da ke kallon gashi sau ɗaya ta haɗa launinsa ta cika kasko biyar, kuma duk lokacin da ta rufe ido don ta tuno ƙafar da ta riƙe tana yarinya, rawayar nan ce ke fara zuwa. A ƙarshe ta ɗauki wanda ta fi zato, ta kai takardar gab da fuskarsa.

“Shi ne, Baba?”

Ya kanne ido, ya karkata kai, ya matso da ita har ta taɓa hancinsa. “Haske kawai nake gani, Kizzy.”

Ezra ya rasu bayan shekara biyu. Keziah ta koma teburinta ta yi wasu shekaru, kuma duk sabuwar yarinyar da aka kawo, ranar farko takan gaya mata cewa ita 'yar maharbi ce daga fadama, ko ba a tambaye ta ba. Yaran sukan ce to, su ci gaba da aikinsu, don ba abin da ya dame su. Ta rubuta wa mutum goma sha ɗaya da ta san suna da littafin, biyu suka amsa, ɗaya ya ce ya fi son rawayar. Da ta rasu, matar da ta ba ta hayar ɗaki ta sami wani kwali a ƙarƙashin gado cike da takardu, ta kasa gane kansu. Ba kai, ba fiffike, ƙafafun tsuntsu ne kawai bibbiyu, kowace takarda da nata shuɗin, kuma ba wadda aka yi wa alamar cewa ita ce daidai.